Shin Santiago Almasihu ne? Fashin baƙi kan alamomin Kiristanci a labarin tsohon masunci na Hemingway

Duk inda aka buɗe littafin Ernest Hemingway mai suna The Old Man and the Sea a ajin adabin Ingilishi, akwai tambayar da ba ta rasa tasowa: shin tsohon masuncin nan Santiago yana tsaye ne a madadin Yesu Almasihu, ko kuwa manazarta ne suka ɗora wa labarin kamun kifi kayan da ba nasa ba? Tambayar ta shafi ɗalibanmu, domin littafin ya taɓa shiga jerin waɗanda ake jarrabawar adabi ta WAEC a kansu, kuma mai nazarin adabin Amurka da wuya ya kauce masa.

Akwai ɗalibin da ya haddace cewa Santiago shi ne Yesu, ya zuba haka a takardar jarrabawa, amma in ka ce ya nuna maka shafin da ya sa ya faɗi haka sai ya yi zuru. Akwai wanda ya ji cewa marubucin da bakinsa ya ce babu wata alama a littafin, sai ya ce ai magana ta ƙare. Akwai kuma uban da ya ji ɗansa yana maganar gicciye a darasin Turanci, gabansa ya faɗi, ya ɗauka wa'azi aka shigo da shi ta bayan gida. Kowannensu ya riƙe wani gefe na batun ya saki sauran.

Labarin a taƙaice

Littafin ƙarami ne, kalmominsa kimanin 27,000. Mujallar Life ce ta fara buga shi gaba ɗaya a fitowarta ta 1 ga Satumba, 1952, aka sayar da fiye da kwafi miliyan 5 cikin kwana biyu. Ya ci kyautar Pulitzer a 1953, kuma lokacin da aka ba Hemingway kyautar Nobel a 1954 an ambaci littafin da sunansa.

Santiago tsohon masunci ne a gaɓar tekun Kyuba kusa da Havana. Ya yi kwana 84 bai kama kifi ko ɗaya ba. Yaron da yake koya wa sana'a, Manolin, ya bi shi kwana 40 na farko, daga nan iyayensa suka janye shi suka tura shi wani jirgin, don a ganinsu tsohon ya zama mai farar ƙafa. A rana ta 85 Santiago ya tura kwale-kwalensa can cikin teku, nesa da inda sauran masunta ke tsayawa. Da tsakar rana wani ƙaton kifin marlin, irin mai dogon baki kamar mashi, ya haɗiye ƙugiyarsa. Kifin ya yi ta jan kwale-kwalen dare da rana, sai a rana ta uku tsohon ya samu ya soke shi. Tsawonsa ƙafa 18, ya fi jirgin tsawo, don haka ya ɗaure shi a gefe ya nufo gida. Jinin kifin ya janyo kifayen shak, suka yi ta yagar naman, shi kuma yana faɗa da su har makamansa suka ƙare. Da ya iso gaɓa cikin dare, ƙashi da kai da wutsiya kawai suka rage.

Abubuwan da ake cakuɗawa

Rabin gardamar nan daga rashin bambance abu uku take fitowa. Na farko shi ne labarin misali, inda kowane mutum da kowane wuri aka ƙirƙire shi don ya wakilci wata ma'ana guda. The Pilgrim's Progress na John Bunyan, wanda ya fito a 1678, shi ne zakaran gwajin dafi a nan: sunan jarumin ma Kirista, yana ɗauke da kaya a baya wanda zunubinsa ne, ya bar Birnin Halaka ya nufi Birnin Sama. Idan ka cire ma'anar, babu sauran labari.

Na biyu alama ce. Abu yana nan a matsayinsa, yana aikinsa a cikin labari, amma yana ɗauke da wani nauyi na daban a kansa. Na uku ishara, wato marubuci ya ɗan taɓo wani labari da ya san masu karatunsa sun sani, don su tuna da shi a daidai wannan wurin.

Mai sauraron Hausa ya san wannan salon sarai. A ce mai ba da labari ya kawo yaron da 'yan'uwansa suka jefa a rijiya saboda hassada, suka koma wa uba da riga mai jini. Ba sai an faɗa ba, zuciyar kowa za ta tafi ga Annabi Yusuf (AS), kuma tun daga nan za a fara sa ran ɗaukaka a gaban yaron. Amma babu wanda zai ce mai labarin yana nufin yaron annabi ne. Abin da manazartan Turai ke kira kwatankwacin Almasihu haka yake: mutum ne a cikin ƙagaggen labari wanda aka ba shi wasu siffofi ko wasu wahalhalu da ke tuna wa mai karatu labarin Yesu.

Sai dai ishara ba ta aiki ga wanda bai san abin da ake nunawa ba. Ga abin da littattafan Linjila suka ruwaito, kuma Kiristoci suka yi imani da shi: an yi wa Yesu bulala, aka ɗora masa kambin ƙaya a ka, aka fita da shi da gicciye zuwa wurin da ake kira Golgota, aka kafa shi da ƙusoshi, duhu ya rufe ƙasa daga tsakar rana zuwa ƙarfe uku, wani soja ya soki kuiɓinsa da mashi, sa'an nan a rana ta uku ya tashi daga matattu. A akidar Kirista, wannan mutuwa fansa ce ga zunuban mutane. Musulmi kuwa sun san Annabi Isa (AS) ta wata hanya daban, domin aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta ce ba su kashe shi ba, ba su kuma gicciye shi ba. Hemingway daga rijiyar farko ya ɗebo ruwansa, kuma Kyubar da ya zauna a cikinta ƙasa ce ta mabiya ɗariƙar Katolika.

Shaidun da ba su da ja

Ba kowace kama ce hujja ba, don haka ya kamata a fara da waɗanda marubucin ya ajiye a fili.

Mafi ƙarfi ita ce lokacin da Santiago ya hango wasu kifayen shak biyu sun doso shi bayan ya kashe na farko. Sai ya ce "Ay". Mai ba da labari ya tsaya ya yi bayani, abin da ba ya yawan yi: ya ce wannan irin sautin da mutum zai iya fitarwa ne ba da niyya ba idan ya ji ƙusa ta ratsa hannuwansa ta shige itace. A cikin kwale-kwalen babu ƙusa, babu mai kafa ta. Babu abin da ya kawo wannan hoton in ban da gicciye, kuma marubucin da ya shahara da tsuke kalmomi ba zai jefa jimla irin wannan da kuskure ba.

Ta biyu ita ce dawowarsa. Cikin dare ya iso, garin duk an yi barci, babu mai kama masa. Ya cire doguwar sandar da ake ɗaura ƙyallen kama iska, ya naɗe ƙyallen, ya saɓa sandar a kafaɗa ya fara hawa tudu. A can sama ya faɗi, ya ɗan jima a kwance da itacen a kafaɗarsa. Ya yi yunƙurin tashi ya kasa, sai ya zauna yana kallon hanya. Wata kyanwa ta wuce ta ɗaya gefen tana harkar gabanta, ya bi ta da ido. Daga baya ya miƙe ya sake saɓa sandar, kuma sai da ya zauna sau 5 kafin ya kai bukkarsa. Da ya shiga ya kwanta rub da ciki a kan tsofaffin jaridu, hannuwa a miƙe, tafuka suna kallon sama.

Abin lura a nan, faɗuwa a ƙarƙashin gicciye ba ta cikin littattafan Linjila huɗu. Daga ibadar Katolika ta fito, wadda ake kira Hanyar Gicciye, mai zango 14, inda ake tuna faɗuwar Yesu sau uku. Hotunan waɗannan zanguna ne ke jere a bangon majami'un Katolika. Wannan yana nuna cewa abin da Hemingway ya ara shi ne abin da ido ya saba gani a coci, fiye da abin da malaman tauhidi ke tattaunawa.

Tsakanin waɗannan biyun akwai raunukan jiki. Igiyar fatsa ta ratsa bayansa na tsawon kwanaki, ya sa buhu a tsakani don ta rage ci. Ta yanke masa tafukan hannu har jini. Malafar da ya danna a kansa tana yankar goshinsa. Baya, hannuwa, goshi: wuraren da bulala da ƙusa da kambin ƙaya suka taɓa ke nan. Da ɗaya ne kawai, da sai a ce ai duk masuncin da ya yi kokawa da babban kifi haka zai ji. Haɗuwarsu da waccan jimla ta ƙusa ita ta ba su nauyi. Carlos Baker, wanda ya rubuta tarihin rayuwar Hemingway, yana cikin manazartan da suka jero waɗannan kamanni.

Dangantakar tsohon da yaron ma da harshen bangaskiya aka rubuta ta. Tun a shafukan farko yaron ya ce mahaifinsa ba shi da bangaskiya sosai, tsohon ya ce amma mu muna da ita, ko ba haka ba? A ƙarshe yaron ya ga hannuwan tsohon ya fashe da kuka, ya kuma yanke shawarar komawa su tare da shi ko da iyayensa ba su so, don akwai sauran abin da zai koya. Malami ne da almajirinsa.

Shaidun da ke tangal-tangal

Daga nan sai a taka a hankali. Sunan Santiago shi ne yadda Sifaniyawa ke kiran Yakubu ɗan Zabadi, ɗaya daga cikin almajiran Yesu goma sha biyu, wanda masunci ne kafin a kira shi. Manolin kuma sunan lele ne na Manuel, wanda ya fito daga Imanuwel, ɗaya daga cikin sunayen Yesu a Linjila. Pedrico, wanda tsohon ya ce a ba shi kan kifin, sunansa na Bitrus ne, wani almajirin Yesu. Abin sha'awa ne, amma a ƙasar Katolika mai magana da Sifaniyanci, sunayen waliyyai ne kusan kowa ke ɗauke da su. Kuma in aka bi sunayen sau da ƙafa lissafin zai juye: tsohon ya zama almajiri, yaron ya zama Imanuwel. Masu son a ce Santiago Yesu ne ba sa son a kai nan.

Kwana 40 da yaron ya yi tare da shi yana tuna kwana 40 da Linjila ta ce Yesu ya yi a jeji yana azumi, kwana uku a teku kuma yana tuna kwana ukun kabari. Ana iya karɓar waɗannan a matsayin ishara mai sauƙi. Amma akwai masu ɗaukar 84 su tara da 3 su samu 87, su shiga neman yadda za su daidaita shi da kwanakin azumin Kiristoci da bikin Ista. A nan an wuce gona da iri. Duk wanda ya ƙudura sai lamba ta ba shi ma'ana, zai yi ta juya ta har ta ba shi.

Kifin shi ne ya fi rikita masu neman daidaito. Tun zamanin Kiristocin farko kifi alama ce ta Almasihu, saboda haruffan kalmar kifi a Girkanci su ne haruffan farko na wata jimla da ke ɗauke da sunansa da laƙabansa. A cikin littafin kuma kifin ne aka soka da mashi a gefen jiki, wajen tsakar rana, Santiago ne kuma ya soke shi. To wanne ne Almasihun, mai sukan ko wanda aka soka? Tambayar ba ta da amsa guda, kuma rashin amsar shi ne babbar shaidar cewa littafin ba irin na Bunyan ba ne. Alamomin suna yawo ne, su sauka a kan tsohon, su sauka a kan kifin da yake kira ɗan'uwansa, duk inda ake shan azaba da mutunci.

To me ya sa marubucin ya musanta?

A watan Satumba na 1952 Hemingway ya rubuta wa Bernard Berenson, masanin tarihin zane-zane, wasiƙa. A ciki ya ce babu wata alama: teku teku ne, tsoho tsoho ne, yaro yaro ne, kifi kifi ne, kifayen shak kuma shak ne kawai. Ya ƙara da wata kalmar ashar a kan masu neman alamomi. Wannan wasiƙa ce makamin masu cewa babu komai.

Kuma suna da wata hujjar. Labarin yana da tushe a zahiri. A watan Afrilu na 1936, shekara 16 kafin littafin, Hemingway ya ba da labari a mujallar Esquire na wani tsohon masunci ɗan Kyuba da babban marlin ya ja shi cikin teku, kifayen shak suka cinye masa rabo, aka tsince shi yana kuka a jirginsa. Hemingway kansa ya shafe shekaru yana su a waɗannan ruwaye da jirginsa Pilar, wanda yake ajiyewa a ƙauyen masunta na Cojímar. Ya san igiya, ya san ƙoto, ya san yadda hannu ke sandarewa.

Amma a ƙarshen 1954, da mujallar Time ta yi hira da shi, ya faɗi abin da ya fi wancan cika. Ya ce littafin kirki ba a rubuta shi da alamomin da aka tanada tun farko aka cusa. Ya ce ya yi ƙoƙarin yin tsoho na gaske da yaro na gaske da teku na gaske, kuma idan ya yi su da kyau za su ɗauki ma'anoni da yawa. Wannan ya dace da ra'ayinsa da aka sani, cewa rubutu kamar dutsen ƙanƙara ne a teku, kashi ɗaya cikin takwas kawai ke fitowa sama.

A ganina abin da yake ƙi shi ne a mayar da littafinsa wasa ƙwaƙwalwa, a ce wannan yana nufin wancan shi ke nan. Yana da dalilin jin haushin masu sharhi kuwa, don littafinsa na 1950 sun yi masa kaca-kaca, har wasu suka riƙa cewa kifayen shak ɗin nan su ne masu sharhin. Mutumin da ya ji ana neman a yi wa aikinsa irin wannan fiɗa, musu zai yi. Sai dai musun marubuci ba ya goge abin da ya riga ya rubuta a shafi. Jimlar ƙusa tana nan.

Kuma Hemingway ba baƙo ba ne a fagen addinin Kirista. An haife shi a 1899 a Oak Park ta jihar Illinois, a gidan Furotesta masu riƙo da coci, ya koma Katolika a wajajen aurensa da Pauline Pfeiffer a 1927. Tun a 1926 ya rubuta wani ɗan gajeren wasan kwaikwayo inda sojojin Rum ke hira a mashaya da daren ranar gicciye, ɗayansu yana ta maimaita yadda wanda aka gicciye ya nuna jarumta. Abin da ya burge Hemingway a labarin tun lokacin shi ne yadda mutum ke riƙe kansa a cikin azaba. Lambar zinariyar Nobel ɗinsa ma wurin ibadar Budurwa Maryamu na El Cobre a gabashin Kyuba ya miƙa ta, wurin da Santiago ya yi alkawarin ziyarta idan ya kama kifin.

Inda kamar ta tsaya

Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Wuraren da Santiago ya saɓa da Yesun Linjila sun fi wuraren da suka yi kama bayyana nufin littafin, kuma su ne aka fi tsallakewa a aji.

Santiago da bakinsa ya ce shi ba mai addini ba ne. Hotunan ibada biyu da ke bangon bukkarsa na marigayiya matarsa ne. Addu'arsa ciniki ce: ya yi alkawarin karanta addu'ar Ubanmu sau 10 da ta gaida Maryamu sau 10 idan ya kama kifin, ya lura cewa ta Maryamu ta fi sauƙin faɗa, ya roƙi Budurwa ta yi addu'a kifin ya mutu duk da kyansa. Da wuya ta yi wuya ya ɗaga alkawarin zuwa ɗari-ɗari, ya ce amma yanzu ba zai iya ba, a ɗauka ya karanta. Wanda yake tunawa don ya samu ƙarfin zuciya shi ne Joe DiMaggio, ɗan wasan besbol na Amurka, ɗan masunci, wanda ke wasa da ciwo a diddige. Mafarkinsa kuma zakuna ne a gaɓar tekun Afirka, waɗanda ya gani yana saurayi.

A akidar Kirista Yesu ba shi da zunubi. Santiago kuwa yana tuhumar kansa. A hanyar dawowa ya shiga tunanin ko kashe kifin zunubi ne, ya amsa wa kansa cewa ba don ci da sayarwa kaɗai ya kashe shi ba, har da girman kai, da kuma kasancewarsa masunci. Ya kuma yi ƙoƙarin korar tunanin, ya ce akwai waɗanda ake biya albashi su yi tunanin zunubi. Da ya tambayi kansa abin da ya kayar da shi, amsarsa ita ce ya yi nisa da yawa.

Babban bambancin shi ne fansa. Wahalar Santiago ba ta ceci kowa ba. Babu zunubin da ta wanke, ko kuɗin kifin bai samu ba. A Linjila akwai taron jama'a a hanyar Golgota, akwai Saminu mutumin Kurane da aka sa ya ɗauki gicciyen. A tudun Santiago kyanwa ce kawai ta gan shi. Washegari masunta sun auna ƙashin sun yi mamaki, amma wasu 'yan yawon buɗe ido da suka hango shi daga wurin cin abinci sun ɗauka na shak ne. Babu tashi daga matattu, sai barcin tsoho da ya gaji da shirin komawa teku idan hannuwa sun warke.

A kan wannan ne manazarta suka rabu. Marubucin Amurka William Faulkner, da yake sharhin littafin a 1952, ya ce a wannan karon Hemingway ya gano Allah Mahalicci. Joseph Waldmeir kuwa a 1956 ya karanta shi a matsayin addinin ɗan Adam, wato an ɗauko kayan coci an tufatar da jarumtar mutum da su. Robert Weeks a 1962 ya bi ta wata hanyar daban, ya zargi littafin da ƙarin gishiri a kan halayen kifi da ƙarfin tsoho, abin da Hemingway na da ba zai yi ba. Ni dai na fi karkata ga Waldmeir. Jimlar da aka fi tunawa a littafin, cewa ana iya hallaka mutum amma ba a iya cin nasara a kansa, ba koyarwar coci ba ce. Limamin Kirista zai ce mutum ba ya tsira da ƙarfin kansa sai da alherin Allah, malamin Musulunci ma zai ce babu dabara babu ƙarfi sai da Allah. Hemingway ya ari hoton azabar da masu karatunsa suka fi girmamawa, ya ɗora a kan talaka mai ƙyallen jirgin da aka yi wa faci da buhunan fulawa, don su dube shi da irin wannan idon.

Abin da wannan ke nufi ga ɗalibi da iyaye

Ga uban da ke fargaba, gane ishara daban, yarda da akidar da ke bayanta daban. Ɗalibi Musulmi da ya rubuta cewa sandar da ke kafaɗar Santiago tana tuna gicciye kamar yadda Linjila ta ruwaito, bayanin abin da ke shafi ya yi, bai yi shahada da komai ba. Haka ɗalibi Kirista da ke nazarin waƙoƙin wa'azi na malaman jihadin Sakkwato dole ya san Siraɗi da Mizani kafin ya fahimci baitocin. Littafin da jaruminsa ke cewa shi ba mai addini ba ne, yana cin bashin addu'a bai biya ba, ba shi da amfani ga mai neman juya wa yara akida.

Ɗalibi Kirista kuma tarkonsa daban. Da yake ya san labarin tun yana ƙarami, yakan ga Yesu a kowane shafi, ya mayar da amsarsa huɗubar Lahadi, ya manta da girman kan Santiago da DiMaggio da zakuna. Shi kuma ɗan'uwansa da bai taɓa jin Hanyar Gicciye ba yakan wuce wurin hawan tudun a matsayin gajiyar tsoho kawai. Aikin malami ke nan ya ba ajin labarin Linjila a taƙaice kafin a shiga littafin, ya faɗi a fili cewa wannan ruwayar Kiristoci ce, don kowa ya fara daga wuri ɗaya.

A takardar jarrabawa, jimlar "Santiago shi ne Yesu" ba ta da ƙafar tsayawa, haka ma "babu wata alama domin marubucin ya ce babu". Amsar da ke jan maki ita ce wadda ta kawo wurin da abin ya faru, kamar sautin "Ay" da bayanin ƙusa, ko faɗuwa da sanda a kafaɗa, ta faɗi abin da yake tunatarwa, sa'an nan ta nuna inda Santiago ya rabu da wanda ake kwatanta shi da shi da kuma abin da wannan rabuwa ta ƙara wa labarin. Sunaye da lissafin kwanaki sai a kawo su daga baya a matsayin ƙarin haske, a kuma nuna cewa ba su kai waɗancan ƙarfi ba.